Ƙanƙarar Inna

Shekarun baya, lokacin ina budurwa a gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Fakku, an yi wani abu da har yau in na ga mai tallan ƙanƙara sai jikina ya yi sanyi. Na daɗe ina son in ba ku labarin. Sai kwanan nan na nemi izinin mai shi, ya ce in rubuta amma kada in kama suna. Na ce wannan mai sauƙi ne, dama a gidanmu mun ƙware wajen ɓoye suna.

Yayana shi ne ɗan farin mahaifiyata, ni ce auta. Waɗanda ke tsakaninmu duk mata ne, kowace tana ɗakin mijinta. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, irin matan nan ce na dauri masu kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta zama inda yake zaune. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, a ɗakinta ya tashi. In ya shigo gaisuwa zai durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta kawar da kai ta amsa wa bango. In tana son a gaya masa wani abu sai ta ce da ni, “Ce ma wancan,” ko da kuwa wancan ɗin yana tsugune a gabanmu yana jin komai. Mu ba mu ɗauki abin a bakin komai ba, haka muka taso muka gani, har yabonta ake yi a gari.

Da kakarmu ta rasu, mahaifinmu ya bi ta ba da jimawa ba, sai yayana ya zama ba shi da wani babba da zai zaunar da shi ya ce masa bari ko yi. Ya sayar da bijimin da ya gada ya sayi babur, ya shiga kabu-kabu. Sauran ranaku yana ɗan zagayawa tsakanin ƙauyuka da Kebbe, amma ranar kasuwar Tambuwal ita ce ranarsa. Tun da sassafe zai ɗaure buhu, ya ɗora mai buhu, ya tafi. Can zai yini yana jigila.

Abin da ya biyo baya a bakin rijiya na fara jin sa. Wai in an yi la’asar kasuwa ta fara watsewa, akwai wani lungu a bayan gari da aka kewaye da zana, inda wasu ’yan kabu-kabu ke taruwa. Ana sayar musu da giya a ɓoye, irin mai zafin nan ta cikin ƙananan ledoji. Su sha su yi mankas, sannan kowa ya hau babur ya kama hanyar gida da duhun magariba. Wanda ya san hanyar Kebbe a wancan lokacin ya san ko da idonka biyu garau sai ka yi da gaske. Na ƙaryata, har na kusa dambe da wata a kan maganar. Amma na lura duk ranar kasuwa yayana yana dawowa da kanumfari cike da baki yana tauna, idanunsa jajir, ga surutu, shi da magana ma wahala take ba shi. Sau biyu yana shigowa da gwiwa a kuje, ya ce akuya ce ta gitta masa.

A lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ina ji da kaina ƙwarai. Ina da ’yar ƙaramar waya mai tocila, wadda a gidanmu ba ta samun sabis sai na kife turmi a gindin rumbu na hau, na ɗaga hannu sama kamar mai kiran shaho. Wata rana na ji wata ma’aikaciyar lafiya a rediyo tana cewa a wasu wurare ana tura wa matasa masu shaye-shaye gajeren saƙo ta waya, kuma yana taimaka wa wasunsu su rage. Na ce shi ke nan, magani ya zo hannun mai ilimi.

Na duƙufa. Kullum bayan sallar asuba sai in hau turmi in tura masa saƙo. Ba gajere ba fa, nawa sai wayar ta raba shi gida uku kafin ya tafi. In kawo masa illar giya ga hanta, in kawo wutar lahira, in rufe da abin da mutane za su ce. Na yi kusan wata ina wannan aiki, ko tari bai yi ba. Ranar da ya ga dama ya ba ni amsa, layi ɗaya ne: “Malama, an gode da wa’azi. A gaida ɗalibai.” Na sauko daga turmi ina huci, na rantse ba zan sake ɓata kuɗin katina ba.

Ashe duk hawa da saukar da nake yi Inna tana kallona. Rannan tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, “Ke, wa kika rubuta ma wasiƙa kullum bisa turmina?”

Na ce yaya ne, ina ɗan yi masa nasiha.

Ba ta tambaye ni nasihar mece ce ba. Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce, “Da wane lokaci kika aika mai?”

Na ce da asuba.

Ta ce, “Da asuba kowa mutumin kirki na. Marece aka tsoro.”

Nan na gane ta sani, kuma ta riga ni sani. Hausawa suka ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, balle ni da turmi kawai na hau.

Da ranar kasuwa ta zagayo, ana kiran la’asar ta kira ni ɗaki. Ta ce, “Abin ga naku, in an rubuta yanzu, yanzu shika isa?” Na ce eh. Ta ce, “Tau hau ki rubuta. Ki ce in ya ƙare aiki shi sawo min ƙanƙara. Ki ce kada ta narke.”

Na ce, “Inna, ƙanƙara? Tun daga Tambuwal, cikin zafin ga?”

Ta ce, “Ke anka aika ko shi?”

Na hau turmi ina gunaguni. A raina na ce wa’azina mai aya da hujja bai yi komai ba, sai ƙanƙara. Na rubuta, “Inna ta ce ka sayo mata ƙanƙara, kada ta narke.” Ban kai ga saukowa ba wayar ta yi ƙara. Shi ne, mutumin da ya yi wata bai kula ni ba.

Ya ce, “Ke, da gaske Inna tac ce, ko tsiyarki ta?”

Na rantse masa. Sai ya ce, “Tau,” ya kashe.

Ranar dai bai yi nasara ba. Ya sayi ƙanƙarar, amma ya ce bari ya ɗan leƙa wurin abokai. Sai da aka yi isha ya shigo, kanumfari a baki, da leda cike da ruwa mai ɗumi a hannu. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya miƙo. Na karɓa na kai wa Inna. Ta ɗaga ledar ta duba a hasken fitila, ta ce, “Ce ma wancan, ruwa muna da shi cikin randa. Ƙanƙara anka ce.” Na ga yayana ya sunkuyar da kai, ya daɗe a tsugune kafin ya tashi ya fita.

Kasuwa ta gaba na sake tura saƙon a daidai la’asar. Rana ba ta faɗi ba muka ji ƙarar babur. Ya shigo da sauri, ƙura har gira, ya kwance wani ƙullin buhu da ya cusa wa buntun shinkafa, ya zaro ƙanƙara. Ta narke ta koma kamar curin fura, amma dai ƙanƙara ce. Ya riƙo ta da hannu biyu yana murmushi kamar wanda ya ciyo gasa. Babu kanumfari, idonsa fari tas. Inna ta karɓa daga hannuna ta jefa a kwanon sha, ta ce wa bango, “Madalla. Allah shi yi albarka.”

Da na raka shi zaure ya ce da ni, “Kin san wani abu? Tun da anka haife ni Inna ba ta taɓa aike na ba. Ko allura. Wanga shi na na farko.” Yana faɗa yana dariya. Ni da na zo da shirin tsokana sai na fasa.

Haka abin ya zama ƙa’ida. Duk ranar kasuwa ana kiran la’asar Inna za ta ce, “Ke, turmi.” In hau in tura. Kafin magariba yana gida. Ya mayar da abin gasa tsakaninsa da rana. Ya gwada buntu, ya gwada garin katako, ya gwada naɗewa da tsohon bargo, har ya samo wata kula da murfinta ya fashe ya ɗaure da roba. Kowane mako ƙanƙarar tana ƙara girma, shi kuma yana ƙara baki. “Ki gaya ma Inna ta yau ta fi ta wancan mako.” Abokan lungu suka yi ta yi masa ba’a, suna kiran sa ɗan aiken tsohuwa, ko a jikinsa. Ba zan ce muku ya daina sha ɗungurungum ba, don ban bi shi ko’ina ba. Amma babbar ranar, ranar da kuɗi ke aljihu abokai ke jira ga doguwar hanya a gaba, Inna ta ƙwace ta. Ya yi ƙiba, ya sayi tunkiya, har aka fara maganar wata yarinya a Dogon Daji.

Ni kuwa sai da aka yi makonni kafin na lura da wani abu. Ban taɓa ganin Inna ta kai ruwan nan bakinta ba. In ya fita sai ta miƙo min ta ce in sha, ko ta aika wa maƙwabciyarmu mai ciki. Wata rana ma na tarar kwanon a bayan ɗaki kaji suna sha. Sai a lokacin na tuna Inna tana da ciwon haƙori tun ina ƙarama, ko ruwan randa in ya kwana sai ta surka da na zafi. Na ce, “Inna, ashe ke ba ki ko sha?”

Ta ce, “Goro na iya jira. Gishiri na iya jira. Mi kika gani cikin kasuwa wanda ba ya jiran mutum shi zauna wani wuri?”

Na kalli matar nan da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, na tuna saƙonnina masu gida uku, kunya ta kama ni. Na ce to me zai hana a gaya masa gaskiya, ai zai ji daɗi. Nan take fuskarta ta canza. Ta ce, “In ya san na san abin da shika sha, da wane ido za shi shigo gidan ga? Sai shi bar gari, shi tafi kudu, mu rasa shi baki ɗai. In kin faɗa mai, ban yafe miki ba.” Duk wanda ya tashi a irin gidanmu ya san nauyin wannan kalma daga bakin uwa. Na ja bakina na tsuke.

An yi damina, an yi kaka, lafiya lau. Sai da zafi ya sake kamawa abin ya lalace, kuma ba mugunta ce ta lalata shi ba, alheri ne.

Wani mai shago a bakin hanyarmu ya sa sola ya sayi firiza, karon farko da aka samu ƙanƙara a kusa da mu. Yayana yana ganin haka ya je ya shirya da shi, da ɗan abin da ya tara tun da ya rage zaman lungu, cewa kullum da azahar a aika wa Inna ƙanƙara gida. Kullum fa, ba ranar kasuwa kaɗai ba. Ya zo da kansa ya yi albishir. Har yau ina ganin fuskarsa a bakin ƙofar nan, yana tsugune yana washe baki. Ya ce, “Ki ce ma Inna ta huta jiran mako. Yanzu kullum za ta sha mai sanyi, babba, ba guntuwa ba.”

Na kalli Inna, na ga hannunta ya tsaya cak a kan faifai. Can ta ce, “Ce mai an gode. Allah shi ba shi masu yi mai.” Ya tashi ya fita yana jin ya yi abin kai, kuma wallahi ya yi, a iya abin da ya sani.

Yana fita na ce, “Inna, yanzu fa?”

Mun yi ta dabara. Ranar kasuwa ta ce in rubuta ya sawo goro. Amsa ta zo, “Tau, sai na taso.” Ya kawo goron, amma bayan isha. Mako na gaba manja, ya ce gobe zai kawo. Aka gwada tsire mai zafi, ya ce ai na Kebbe ya fi daɗi, zai sawo mata da safe. Ni na kawo shawarar a ce ƙanƙarar mai shago tana da wani ɗanɗano, ta Tambuwal ake so. Inna ta ce, “In yi ma bawan Allah ƙarya in ɓata mai sana’a? Mi yay yi min?” Kullum da azahar ƙanƙara tana isowa, ƙatuwa, fara sol, mu ajiye ta a kwano muna kallonta tana narkewa. Ban taɓa tsanar wani abu kamar yadda na tsani ƙanƙarar nan ba.

Ba a daɗe ba kanumfari ya dawo.

Na koma wa’azina, wannan karon da la’asar kuma a gajarce. “Yaya, ka dawo da wuri.” Wani lokaci ya amsa da “tau,” wani lokaci shiru. Maganar ƙanwa daban, aiken uwa daban. Sau da yawa ina kan turmi, yatsana a kan madanni, in rubuta “Inna ba ta shan ƙanƙara,” in tsaya ina kallon rubutun, in tuna “ban yafe miki ba,” in goge. Na roƙe ta har da kuka ta bari in rubuta cewa ita ke son ganinsa kafin magariba. Ta ce, “Ni in aika ma ɗan fari ina son ganin shi? Ke ɗiyar ga ba ki da ta ido.” Amma na sha ganin ta ranar kasuwa tana ɗaukar buta ta nufi zaure kamar mai wani aiki, ta tsaya tana sauraron hanya.

Ranar da abin ya faru, magariba ta yi ba mu ji babur ba. Muna shirin cin tuwo wani abokin sana’arsa ya yi sallama, ya ce in fito. Yayana ya daki kwalbati a hanyar Kebbe, babur ya danne masa ƙafa. Allah ya sa bai ɗauko kowa ba. An kai shi asibiti a Tambuwal, daga can aka ce sai Sakkwato. Da na koma ciki ban buɗe baki ba Inna ta ce, “Da rai?” Na ce da rai. Ta miƙe ta ɗauki mayafi. Matan da suka taru suka ce haba, ina aka taɓa ganin uwa ta bi ɗan fari asibiti, ta bari ƙannen mahaifinsa su je. Ko kallon su ba ta yi ba.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma ƙashin ya ragargaje. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Yana ɗan shekara ashirin da wani abu, ga maganar aure a gaba, wadda daga ranar ba a sake tayar da ita ba.

A asibitin ma Inna ba ta saki al’adarta ba. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakin, ta juya baya, tana jan carbi. Ni ke shiga da fita. Da ya farfaɗo sosai, wata safiya, ya kalli inda ƙafar take a da, ya kalli rufi. Sai ya juyo ya hango bayan Inna. Ya yi ƙasa da murya ya ce da ni, “Inna na nan? Cikin zafin ga? Ke, duba aljihun rigata, ki samo mata ƙanƙara. Ta saba sha kullum.”

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace min ba. Sai na ji motsi a bayana. Inna ce ta taso, ta shigo har bakin gado. Ta kira sunansa. Sunansa na yanka, wanda tun da nake ban taɓa ji daga bakinta ba, har sai da na ji kamar sunan wani baƙo ne. Ya zabura kamar zai tashi zaune.

Ta ce, “Ni ban taɓa shan ƙanƙarar ka ba, ko sau guda. Haƙorina ba ya son sanyi. Kai nika so ka iso gida da rana.”

Ya kafe ta da ido. Ta ce, “Na sani tun ran da kaf fara tauna kanumfari. Da bakina ya kamata in gaya ma, ban iya ba.”

Yayana ya ja zanen gado ya rufe fuskarsa. Gadon yana girgiza. Inna ta zauna a gefensa ta ɗora hannu a kansa, a gaban ma’aikata da masu jinya da kowa. Ni na fita waje, don na ga wannan zaman ba ya bukatar ɗan aike.

Daga ranar bai sake kai giya bakinsa ba, shekaru ke nan. Bai gudu kudu ba, bai kasa haɗa ido da ita ba, duk abin da ta ji tsoro bai faru ba. Ya dawo gida da sanda, ya kama awon hatsi a kasuwa, daga baya Allah ya ba shi mata ta gari. Inna ta koma “ce ma wancan” a gaban mutane, amma in gida ya yi shiru sai ka ji su suna hira ƙasa-ƙasa, tana ciki yana bakin ƙofa. Ta yi ’yan shekaru a haka kafin Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Wani lokaci in na ga ana muhawara kan ko saƙon waya zai iya hana matashi shaye-shaye, sai in yi murmushi. Ni dai na ga ya yi, na kuma ga inda ya tsaya. Nawa mai hujjoji bai yi ba. Na Inna ya yi, saboda ya zo a lokacin da ake bukatarsa, daga bakin wadda yake ƙishin jin ta, kuma ya ba shi abin yi maimakon ya kira shi lalatacce. Sai dai mun rataya ran mutum a jikin ƙanƙara, mun ƙi gaya masa. Shi ya ɗauka sanyi take so, ya kawo mata sanyi iya ƙarfinsa. Ita tana son ɗanta, ta ce ƙanƙara. Ni ina tsakiya da waya a hannu. Ba wanda ya yi nufin sharri a cikinmu, kuma ba na zagin kunya, ita ta raine mu. Amma in na ga yayana yana ɗingisawa zuwa masallaci, yana kafa sanda yana jan jiki, raina yana ɓaci har yau. Magana ce da ba ta fi layi ɗaya ba, ta zo bayan an yanke ƙafa. Na san abin da Allah ya rubuta ba makawa, na kuma san da-na-sani ƙeya ce. Sanin bai hana ta yi min ciwo ba.

Yanzu ina aure a Tambuwal. Ranar kasuwa yakan shigo mota ya zo sarin hatsi. Ba na tsoron lungu, wannan ya wuce. Amma ana kiran la’asar sai in ji hannuna yana neman waya, ko da babu turmin hawa. Makon jiya na rubuta masa, “Yaya, in ka gama ka biyo ta gida kafin ka wuce. Ba aike ba ne, ganin ka nake son yi.”

Ya amso, “Ke dai ba ki da kunya, auta.”

Na ce masa kunya ta riga ta ci ƙafa ɗaya a gidanmu, ba zan ba ta ta biyu ba.

Rana ba ta faɗi ba na ji ƙarar sandarsa a zaure.